Lemon Zinariya

Idan ka taɓa bin hanyar da ta gangaro daga tashar mota zuwa tsohuwar gada, to ka ga Bahago, ko da ba ka san shi ne ba. Shi ne dattijon nan da ke tsugune tsakanin layukan baƙaƙen ledoji, ya juya wa titi baya kamar wanda ya yi fushi da duniya. Ba fushi yake yi ba, aiki yake yi. Shekara arba'in da 'yan kai ya yi a wannan ɗan tsukin fili da ke tsakanin kwalta da rafi yana rainon itatuwa: mangwaro, gwaiba, da ɗan abin da ba a rasa ba na furanni saboda matan ma'aikata. Amma duk waɗannan cike gurbi ne. Lemo ne sana'arsa, kuma a kan lemo ba a ja da shi.

Ga yadda abin yake, don wanda bai sani ba. Lemon zaƙi, in ka shuka ƙwallonsa, sai ka shekara takwas ko tara kana kallon ganye, ga shi saiwarsa raguwa ce, ruwa na ɗan kwanta mata sai ta ruɓe. Lemon ɗaci kuwa, wanda ko akuya ba ta waiwayar 'ya'yansa, saiwa gare shi mai taurin rai. To sai a shuka na ɗacin a leda. In ya kai kaurin fensir a tsaga ɓawonsa, a yanko ido daga reshen na zaƙi, wato ɗan ƙullutun nan da ke maƙale a gindin ganye, a zura shi cikin tsagar, a naɗe da zaren leda. Bayan mako uku, in idon ya kama, sai a fille kan na ɗacin. Ƙasa ɗaci, sama zaƙi, shekara uku ka fara tsinka. Masu sana'ar suna kiran wannan aiki aure, wurin da aka haɗa kuma mahaɗa.

Wuƙar Bahago tsohon ruwan zarto ne da ya wasa da kansa, ya naɗe ƙotar da robar tayar keke. Da yake da hagu yake aiki, tsagarsa takan karkata dama, ta kowa kuwa hagu take karkata, kuma tabon ba ya ɓacewa ko itace ya shekara talatin. Shi ya sa yake iya leƙawa ta katangar gidan da bai taɓa shiga ba ya ce wannan nawa ne. Yana da ji da kai a kan wannan, ba sai an ɓoye ba. Yana kuma da doka guda da ba ya karyawa: ba ya yankar ido sai daga itacen da ya zagaye sau uku bai ga ko ganye ɗaya mai rawaya ba. Dashen da ya nuna alamar ciwo kuwa tumɓuke shi yake ya ƙone, ko mai shi na roƙo. Ka riƙe wannan dokar, za mu dawo kanta.

Matarsa ita ce Zinariya. Ba sunanta na yanka ba ne. Lokacin da yake nemanta ya saya mata 'yan kunne, mai sayarwa ya rantse masa har da dafa kai cewa zinariya ce. Kwana goma suka koma kore, kunnenta ya yi suntum. Ƙawayenta suka sa mata Zinariya don tsokana, ita kuwa ta ƙi cire 'yan kunnen, ta ce za ta riƙa sawa ne don ya riƙa gani yana jin kunya. Haka take. Mace ce mai wushirya, mai dariyar da ake ji daga bakin layi, ba ta iya raɗa ba ko a gidan makoki. Gidansu ɗaki biyu ne da tsakar gida, da makwararar ruwa a kusurwa inda take wanke-wanke.

Da tana da cikin Auta, ta huɗu kuma ta ƙarshe a 'ya'yansu, kwaɗayin lemo ya kama ta. Ta zauna kan kujerar tsugunno tana sha tana tofar da ƙwallaye bakin makwararar. Ɗaya ya tsiro. Bahago na gani ya miƙa hannu zai cire, ya ce a gidan mai auren itatuwa ba za a bar tsiron tofi ba, wanda ba a san asalinsa ba. Ta kifa wa tsiron wani fasasshen bokiti da gindinsa ya cire, ta ce in ya taɓa shi, ranar nan wuƙarsa za ta kwana a rijiya. Ya san za ta aikata. Ya ƙyale.

Shekara tara yana yi wa itacen habaici. In ya wuce sai ya ce sannu da hutawa, mai ganye. A ta goma ya yi 'ya'ya. Ta ɓare na farko ta miƙa masa, ta tsaya ta riƙe ƙugu. Ɓawo siriri, ruwa har gwiwar hannu, zaƙi da ɗan tsamin da ke biyo shi daga baya. Bahago ya shanye, ya goge baki ya ce ba laifi. Wannan “ba laifi” ta bi shi har ƙarshen rayuwarta. In ta yi sabon ɗinki ta tambaye shi ko ba laifi, in Auta ta zo ta ɗaya a makaranta ta ce a je a tambayi mai ba laifi. Shi kuwa don kada ta samu bakin magana, bai taɓa yankar ido ko ɗaya daga itacenta ba. Yakan hau keke ya tafi lambuna masu nisa neman ido, alhali wanda ya fi su duka yana inuwa a kan tabarmarsa.

Ta rasu wata safiya bayan jinyar kwana shida. Ba a yi zaton abin zai kai haka ba, har ta bar wanki a jiƙe.

Bahago bai iya kuka a gaban mutane ba, kuma bai iya zama ba. Kwana kaɗan bayan an watse daga zaman makoki ya ɗauko wuƙarsa, ya zagaye itacen sau uku kamar yadda ya saba. Ganye shar, babu tabo ko ɗaya. Ya yanko reshe. Daga ranar bai sake neman ido a wani wuri ba, kuma bai sake sayar da dashen lemo ba, kyauta yake bayarwa. Ya ce duk wanda ya sha, duk wanda ya zauna a inuwa, ko tsuntsu ne ya tsattsaga, ladan ya je mata. Sharaɗinsa ɗaya ne. In ya miƙa maka leda sai ya riƙe bai saki ba, ya tambaye ka sunan lemon. Ka ce Zinariya. Ya ce ka sake faɗa. Ka sake. Sa'an nan ya saki, ya ce ka sa ta a addu'a. Tsoronsa ke nan a duniya, kada sunanta ya bi ta ƙasa. 'Ya'yan sun watse garuruwa, jikoki ba su san ta ba, shi kuma tsufa yake yi. Yana so bayan babu shi a samu bakin da zai ambaci sunan nan da alheri, ko da mai faɗa bai san wace ce ba.

Abin ya karɓu fiye da yadda ya zata. Makarantar firamare ta jera goma sha biyu a bakin katanga. Asibiti ya shuka a inda masu jinya ke shanya. Masu gyaran mota, gidan burodi, ofishin ruwa, kusan kowane gida a layukan da ke bayan tasha. Amininsa Tela, wanda idonsa ya fara gaza zura zare, ya rufe shago ya mayar da filin da ya gada lambu, ya shuka sittin, ya ce su ne za su riƙe shi a tsufa. Bayan shekara biyar, lokacin fure, in iska ta kaɗa tun daga gada kake jin ƙamshi. Masu ɓare lemo a bakin tasha suna kiran “Ga Zinariya, ga Zinariya!” Bahago na tsugune cikin ledojinsa yana ji, ya yi kamar bai ji ba, amma sai ka ga ya daɗe bai motsa hannu ba.

A shekara ta takwas itatuwan suka yi 'ya'yan da ba a taɓa gani ba. Sai da aka tokare rassa da sanduna. Mutane suna tare shi a hanya suna sa albarka, Tela har ya ɗinka masa riga da idon nan nasa, hannu ɗaya ya fi ɗaya tsawo. Shi kaɗai abin bai kwanta masa ba. 'Ya'yan sun yi yawa, sun yi ƙanana, ganyen kuma ya dushe kamar an yayyafa masa toka. Ya ce wa kansa nauyi ne.

Na makaranta ne suka fara. Cikin mako biyu itace uku suka bushe a tsaye, ganyen bai ko samu damar zuba ba, 'ya'yan na rataye sun yamushe. Aka ce gara ce. Ya tona bai ga gara ba, sai saiwa da ta mutu ta yi laushi. Aka ce ruwan wanki ne, aka ce mai gadi ne ya zuba wani abu, har aka kusa korar bawan Allah a banza. Sai na asibiti suka bi. Sai na gidan burodi. Wasu farat ɗaya, wasu a hankali, su shekara suna ramewa. Bahago ya gwada duk abin da ya sani, toka, taki, sassabe, maganin feshi kala uku. Kamar yana zuba ruwa a kwando. Abin da ya riƙa kwantar masa da hankali shi ne in ya dawo gida ya ɗaga kai, uwar dashen duka, itacen matarsa, tana nan shar, ko ganye ɗaya bai canza ba. Yakan ce to ai ba daga gare ta ba ne.

Auta, wadda aka yi cikinta da kwaɗayin lemo, ta yi karatun cututtukan tsirrai, tana aiki a wani ɗakin gwaji a babban birni. Da ya gaji ya kira ta, ya yi ta kewaye-kewaye kafin ya ce yana so ta zo ta duba masa wani abu. Bahago ya nemi a duba masa lemo! Ta san abin ya kai inda ya kai. Ta zo da wata jaka mai sanyi da ƙananan ledoji. Ya kai ta makaranta, ta ce ya ɗaye mata ɓawon wani mataccen itace daidai mahaɗa. Ya ɗaye. A cikin ɓawon, ƙasa da tabon nan mai karkata dama, akwai ƙananan huji birjik kamar an yi ta soka allura. Ta daɗe tana kallo. Ta yanki rassa daga wurare bakwai. Da suka dawo gida ta ajiye jakar, ta tsaya gindin itacen uwarta ta miƙa hannu. Ya ce wannan kuma na mene ne, ai lafiyarta ƙalau. Ta ce don a cike takarda ne kawai. Bai yarda ba, amma ya riƙe mata reshen.

Bayan mako uku ta dawo, ba ta yi waya ba. Ta same shi a wurin aiki da hantsi yana naɗe wani sabon aure. Ta jawo bokiti ta kifa ta zauna, ta ce ya ajiye wuƙar tukuna.

Ta yi masa bayani a hankali, yadda ake yi wa mara lafiya. Ƙwayar cuta ce, irin wadda ake kira bairos, ƙanƙantarta ta wuce a gan ta ko da madubin asibiti. Ba ta ci, ba ta sha, ba ta iya komai ita kaɗai, sai ta shiga jikin mai rai ta sa shi ya riƙa buga mata 'ya'ya. A lemo tana zama ne a hanyar da abincin da ganye ya haɗa yake bi ya sauka ga saiwa. Lemon zaƙi yana iya zama da ita shekara da shekaru bai ko yi atishawa ba. Na ɗaci ne ba ya jure ta. Tana isowa mahaɗa sai naman wurin ya mutu, hanya ta toshe. Abinci ya taru a sama, shi ya sa aka ga 'ya'yan nan masu yawa, saiwa kuwa tana ƙasa tana mutuwa da yunwa. Ranar da ta ƙarasa, sai saman ya bi ta.

Ya ce to daga ina ta fito. Auta ta kalli ƙasa. Ta ce tana bin ido in an yi aure, kuma ƙananan baƙaƙen ƙwarin nan da ke taruwa a toho suna ɗaukarta a baki daga itace zuwa itace. Ta haka ta kai har ga tsofaffin itatuwan da ya haɗa tun kafin a haife ta. Amma duk rassan da ta gwada, zuri'a ɗaya ce a cikinsu, kuma inda ta fi yawa, inda ta fi daɗewa, shi ne a gida.

“Ita da ko ciwon kai ba ta taɓa yi ba?”

“Ba ta da mahaɗa, Baba. Daga ƙwallo ta tsiro, saiwarta tata ce. Ba abin da zai toshe. Za ta iya shekara hamsin da ita a jiki.”

Ya ce shi fa bai taɓa yankar ido daga itace mai ciwo ba, kowa shaida ne, sau uku yake zagayawa. A nan ne ta faɗa masa abin da ya fi komai zafi, kuma da za ta iya haɗiye shi da ta haɗiye. Ta ce ƙwayar ba iri ɗaya ba ce ko a cikin itace guda. Duk lokacin da ta hayayyafa, wasu 'ya'yan kan fito da ɗan bambanci. Akwai masu sa ganye rawaya, akwai masu tsumburar da reshe, akwai masu zama shiru. Masu nuna kansu, shi da ire-irensa masu tsabtar aiki sun daɗe suna tumɓuke su suna ƙonawa. Mai shirun ce kullum take tsallake wuta, ita ake ɗauka da hannu biyu a kai ta sabon gida.

“Wato ta san ni,” in ji shi. “Ta san dokata.”

“Ba ta san komai ba, Baba. Ba ta da ido, ba ta da wayo. Ka dai kashe duk waɗanda ka gani, wadda ba ka gani ba ce ta rage.”

Sa'an nan ta ce dole a sare uwar, a tone kututturen a ƙone. Muddin tana tsaye ƙwari za su ci gaba da ɗiba daga gare ta, kuma ba wanda ya san irin da zai fito daga cikinta gobe. Ta ce za ta kawo masa ido mai tsabta da wani irin gindi da ke jure ciwon, a fara daga farko. Ya ɗauki wuƙarsa ya ci gaba da naɗin da ya bari. Ya ce ta gaida mijinta.

Wata biyu ya yi yana gardama da kowa, har da wanda bai tanka masa ba. Ya ce na'ura ma tana ƙarya. Ya ce yaran zamani in sun rasa abin faɗa sai su ɗora wa abin da ba a gani. Ya daina ɗaga wayar Auta. Amma ya daina ba da dashe, kuma kullum da safe maimakon ya gangara gada sai ya ɗauki wuƙa ya shiga layuka. Duk inda ya ga busasshen lemo sai ya yi sallama, ya nemi izini, ya tsuguna ya ɗaye ɓawo. Abin da yake nema ɗaya ne, ya samu unguwa ko guda da ciwon ya fara daga itacen wani, mai tsagar da ta karkata hagu. Ya bi gida ya fi ɗari. Duk inda ya tambayi wanne ya fara mutuwa, sai a nuna masa aikin hannunsa.

Garin ma ya canza a idonsa. Bakin katangar makaranta ya koma fili fetal, an kafa rumfar kwano inda inuwa take. Lokacin fure ya zo ya wuce ba wanda ya ji ƙamshin komai. Mai zuman da ke bayan ofishin ruwa ya kwashe amyoyinsa ya tafi da su wani wuri. Manyan malam-buɗe-littafi masu baƙi da rawaya da ke yawo a kan lemo suka ɗauke ƙafa, tsuntsayen da ke kwana a asibiti suka koma kan wayar lantarki. Masu ɓare lemo a tasha suna jiran babbar mota ta kawo musu daga nesa, wani mai kaurin ɓawo, ba sa kiran sunansa. Abin da ko ganinsa ba a yi, ya sake wa gari guda kama.

Lambun Tela ya bari ƙarshe, don ya san abin da zai tarar. Ya same shi zaune a kan wani kututture, ya sa tabarau mai kauri, ga itatuwa sittin a bayansa, huɗu ne kawai ke da sauran ganye. Bahago ya so a ce Tela ya zage shi, da ya samu sauƙi. Tela ya matsa masa wuri, ya tambayi lafiyarsa, ya ce ya ji an ce Auta ta zo. Ya ƙara da cewa ya sake fito da keken ɗinki, jikarsa ce ke zura masa zare kafin ta tafi makaranta, in ya tsinke sai ya jira ta dawo. Ya faɗi haka yana dariya. Sa'an nan ya ce ya riƙe alkawari fa, bai taɓa tsinkar lemo a lambun nan bai yi mata addu'a ba, kuma har yanzu yana yi, ko da babu abin tsinka.

Bahago ya tashi bai yi sallama ba. A hanya ya kira Auta ya ce ta zo ranar Asabar.

Uwar kuwa a shekarar ta yi 'ya'ya kamar ta san abin da ake shiryawa, manya, fes, masu sheƙi. Ya tambayi Auta ko shan su zai cutar da mutum. Ta ce ko kaɗan, ciwon na itace ne. Ya ce to ba za a ƙone su ba. Ta riƙe masa tsani, ya hau da shekarunsa saba'in da biyu, ya tsinke su ɗaya bayan ɗaya, bai bari ko guda ya faɗi ƙasa ba. Ta ce a kira masu injin yanka, ya ce ba wanda zai taɓa ta. Itacen lemo tauri gare shi. Tun hantsi yake sara da hagunsa yana hutawa, sai bayan azahar ta kwanta, ta cika tsakar gidan har ƙofar ɗaki. Rana ta faɗo a wurin da ta shekara talatin ba ta taɓa ba. Da suka tone kututturen, sai ga wani lanƙwasasshen ƙarfe mai tsatsa da saiwa ta haɗiye rabinsa. Auta ta ce mene ne wannan. Ya juya shi a hannu, ya ce mariƙin bokiti ne. A nan ne ya yi kukan da bai yi ba shekara goma sha ɗaya, a zaune cikin rami, 'yarsa na riƙe da kansa.

Washegari ya loda lemon a baro ya shiga layuka. Ya ce duk gidan da itacensu ya mutu sai ya kai musu, ya ba su haƙuri da bakinsa. A ransa yana ganin in ya yi haka, abin da za a tuna da shi na ƙarshe zaƙin ne. Wasu suka karɓa suka ce Allah ya kiyaye gaba, wasu suka ce ai ba laifinsa ba ne, wata tsohuwa ta karɓa ta rufe ƙofa. Duk ya shanye.

Wajen la'asar ya iso wani gida a ƙarshen layin gidan burodi. Mutanen da ya sani sun tashi, wata matashiya ce ta leƙo da goyo a bayanta, baƙuwa ce a garin, ba ta san shi ba. A tsakar gidan akwai busasshen itace an ɗaura masa igiyar shanya. Ko daga ƙofa yana hango tabon. Ya ce ya kawo lemo ne saboda wancan. Ta yi murna, ta ce Allah sarki, ai haka suka tarar da shi, maƙwabta sun ce Zinariya ce ta kashe shi.

Ya ce wa?

Ta ce Zinariya, ciwon lemon nan da ya gama da garin. Haka kowa ke kiransa. Har in yaro ya cika ɓarna sai ka ji uwarsa ta ce wannan ai Zinariya ne, duk abin da ya taɓa sai ya bushe. Ta yi dariya, ta ce ita ma ba ta san inda aka samo sunan ba.

Bahago ya riƙe hannun baro da kyau. Ya so ya ce mata mutum ce. Ya so ya ce tana da wushirya, ta haifi 'ya'ya huɗu, ko kyankyaso in ta gani shi take kira ya kashe. Ya so ya ce shi ne ya bi gida gida ya sa mutane suka haddace sunan, sau biyu biyu, bai saki leda ba sai sun faɗa. Amma sai ya sunkuya ya zaɓo mata shida mafiya kyau ya zuba a kwanon da ta miƙo.

Ta kasa haƙuri, ta ɓare ɗaya a tsaye da farce, ta kai baki. Ruwan ya gangaro mata har gwiwar hannu. Ta zaro ido ta ce tun da take ba ta taɓa shan irinsa ba.

“Baba, wane iri ne wannan? Me sunansa?”

Ya daɗe yana kallon ɓawon da ke hannunta.

“Lemo ne kawai, 'yata,” ya ce. Ya juya baronsa ya tura zuwa gida na gaba.